Ina Za a Kafa Janareta a Layin Rarraba Wuta, Kuma Wane Girma?

Ku yi tunanin yadda layin rarraba wutar lantarki yake aiki. Wuta tana fitowa daga tashar rarrabawa, ta bi dogon layi tana raguwa a kowace taransifoma, har ta isa ƙarshen layin, inda ƙarfinta yakan faɗi ƙwan fitila ya dushe. An gina irin waɗannan layuka ne domin wuta ta riƙa tafiya gefe guda kawai, kuma duk wutar da ke bin waya tana zafafa ta. Idan kwararar wutar ta ninka sau biyu, asarar da ake yi ta hanyar zafi takan ninka sau huɗu.

Saboda haka ne ake kafa ƙananan tashoshin samar da wuta, kamar farantan sola ko injinan iska ko janaretan gas, kusa da masu amfani da ita. Amma wurin da aka kafa su da girmansu su ne ke tabbatar da ko za a ci riba. Injiniyoyi suna da wata tsohuwar ƙa'ida da aka fara amfani da ita wajen kafa kafasita, wato na'urar da ake sawa a layi don daidaita ƙarfin wuta da rage asara: idan buƙatar wuta ta bazu daidai a kan layi, a kafa janareta mai ɗaukar kashi biyu cikin uku na buƙatar, a nisan kashi biyu cikin uku na tsawon layin daga tashar rarrabawa.

Ƙa'idar tana da amfani, sai dai layuka na gaske suna da rassa, buƙata kuma tana sauyawa tsakanin rana da dare. Shi ya sa ake gwaji a kwamfuta, galibi da samfurin layi mai mahaɗa 33 (wato wuraren da wayoyi ke haɗuwa a ja wuta) wanda masu bincike Baran da Wu suka wallafa a 1989, inda asara ta ɗan haura kilowat 200. Janareta guda mai kimanin megawat 2.5 a mahaɗa ta 6 yakan rage ta da kusan rabi.

Idan aka ƙara girmansa fiye da haka, asarar takan soma hawa kuma, domin rarar wutar za ta juya ta koma tasha, ƙarfin wuta ya haura iyaka, na'urorin yanke wuta kuma su rikice wajen gane inda matsala ta auku. Ƙa'idar IEEE 1547 ta ƙungiyar injiniyoyin lantarki, wadda aka fitar a 2003 aka sabunta a 2018, ta tanadi cewa janareta ya daina ba layin wuta cikin daƙiƙa biyu idan babbar tasha ta yanke, domin kada ma'aikacin da ke gyara ya taɓa waya yana zaton a mace take.