Epidural bayan aikin ciki: robar da ake bari a baya

Jama'a ku tambayi duk wanda aka taɓa yi wa babban aikin ciki, zai ce muku abin da ya fi tsoro shi ne tari. Tari ɗaya sai ka ji kamar ɗinkin zai farke, shi ya sa mutum ke numfashi sama-sama, kaki ya taru a ƙirji, kafin ka ankara nimoniya ta shigo. To maganin wannan ake da epidural, wato hanyar kashe zafi ta wata roba da ake sawa a baya.

Kafin a sa ka barci za a zaunar da kai ka rungume filo ka ranƙwafa, likitan sa barci ya kashe fatar bayanka, ya bi da allura ta tsakanin ƙasusuwan baya, kuma fa ba ya taɓa laka, wajen rigarta yake tsayawa, sai ya zura wata siririyar roba kamar zaren fatsa ya zare allurar. Robar ce ke zama, an manne ta da filasta har kafaɗa, inji na tura magani kaɗan-kaɗan, yawanci bupivacaine haɗe da fentanyl, kwana 2 zuwa 4. Daban take da allurar bayan da aka fi yi wa mata a CS, wato tiyatar haihuwa, waccan sau ɗaya ce, awa 2 zuwa 3 ta sake ka. Epidural ba ma sabon abu ba ne, tun 1921 wani likitan sojan Sifen, Fidel Pagés, ya bayyana ta.

In ta zauna daidai za ka yi tari, ka tashi zaune, hanji ya farka da wuri, tusar nan da likitoci ke ta tambaya ta fito. Nas za ta dinga ɗora maka ƙanƙara a ciki tana cewa ka ji sanyi nan? Iyakar inda maganin ya kai take aunawa.

Tana da 'yan matsalolinta dai: awon jini kan yi ƙasa, jiki ya yi ƙaiƙayi, fitsari ya ƙi fita sai da roba, wani lokacin ma gefe ɗaya take kamawa. Duk ana gyarawa. Amma in ƙafa ta yi nauyi ka kasa ɗagawa, ko baya ya ɗau sabon ciwo mai tsanani, wallahi ko ƙarfe 2 na dare ne mai jinya ya kira nas, kar a ce bari a jira zagayen safe. Kuma in kana shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ka faɗa tun kafin ranar tiyata.