Abin da hanta ke haɗawa idan barasa ta gamu da hodar iblis

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Yau a hanta za mu tsaya, domin can ne ɓarnar take farawa.

Idan hodar iblis ta shiga jini ita kaɗai, akwai wani sinadari a hanta da yake farfasa ta, ta koma abin da ba ya bugarwa, ƙoda ta fitar da shi a fitsari. To amma idan akwai barasa a jikin, sai wannan sinadarin ya sauya aiki. Sai ya ɗauki wani ɓangare na barasar ya liƙa wa hodar, a samu sabon abu mai suna kokaetilin. Ku lura da kyau: mutum bai saye shi ba, bai shaƙa ba, jikinsa ne ya ƙera masa.

A shekarar 1991, masu bincike a Jami'ar Miami da ke Amurka suka gwada shi a kan ɓeraye. Suna neman adadin da zai kashe rabin ɓerayen da aka yi wa allura. Na hodar iblis ya kai kusan miligiram 93 a kowane kilo na nauyin jiki, na kokaetilin kuwa 60 da 'yan kai. Wato kaɗan daga cikinsa ya isa ya yi kisa.

Gwajin karnuka ne ya fi tayar mini da hankali. An sa musu na'urar auna bugun zuciya, aka ba su barasa da hoda tare. Sai aka ga tsokar zuciya ta yi sanyi, ba ta matsa jini da ƙarfi, fiye da yadda kowanne shi kaɗai yake raunana ta. Kokaetilin yana toshe ƙofofin sodiyam da saƙon lantarki ke bi a cikin zuciya, sai zanen bugun ya faɗaɗa a kan takarda, bugun ya fara rikicewa.

Wani zai ce ai ɓera ba mutum ba ne. Gaskiya ne, ba a ɗaukar lissafin ɓera a ɗora wa ɗan Adam kai tsaye. Sai dai an sha samun kokaetilin a jinin mutanen da suka mutu bayan sun haɗa biyun. Kuma a jikin mutum yakan daɗe kusan ninki biyu na hodar. Ga shi hodar tana danne jin maye, mai sha ya ɗauka garau yake, ya ƙara kwalba, hanta kuma ta ci gaba da haɗawa.