Jinga ko Aikin Gida: Wane Aiki Ya Kamata Gwamnati Ta Ba 'Yan Kwangila?

Assalamu alaikum masu kallo. Duk wanda ya taso daga Sabon Garin Zariya ya nufi Samaru sai ya ratsa ta Kwangila, kuma sunan wannan unguwa shi ne batunmu na yau. A cikin ayyukan da gwamnati take yi wa jama'a, wanne ya dace ta miƙa wa ɗan kwangila, wanne kuma ya zama dole ta riƙe a hannunta?

Bari mu fara daga gona, domin manomin ƙasar Zazzau ya daɗe da sanin amsar. Idan damina ta kankama, manomin masara a Soba ko Giwa yana ba da jingar noma ba tare da fargaba ba. Ana yin ciniki, a nuna iyakar gona, idan an gama ya bi kunya-kunya yana dubawa, in ya tarar da ciyawa ya ce a koma kafin ya biya, in kuma bai gamsu ba baɗi ya nemi wasu 'yan ƙwadago, tunda suna da yawa. Amma ranar zuba taki ba ya barin gona. Ko dai ya tsaya da kansa ko ya tsayar da ɗansa, saboda da zarar an binne taki a gindin shuka babu mai iya tantance ko buhu biyar aka zuba ko uku, sai bayan makonni ganyen masara ya fara komawa ruwan ɗorawa, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Wannan hikima ce masanin tattalin arziki Oliver Hart, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 2016, ya zurfafa bincike a kanta. Ya nuna cewa babu takardar yarjejeniyar da za ta ƙunshi komai, kuma mai neman riba zai rage kashe kuɗi ne a daidai inda takardar ta yi shiru. A wani nazari da ya yi da abokan aikinsa a 1997 sun buga misali da gidajen yari: ana iya rubuta yawan abincin fursuna, amma da wuya a rubuta haƙuri da ƙwarewar gandiroba.

Da wannan ma'auni, wasu ayyukan ba su da wuyar yanke hukunci. Kwashe shara, yashe magudanar ruwa kafin damina, gina ajujuwa da gyaran motocin ofis duk ayyuka ne da ido yake gani. Bolar da ke bakin titi a Tudun Wada ko dai an kwashe ta ko tana nan, kuma ba a buƙatar kwamiti kafin a sani.

Sai dai auna aiki kaɗai bai wadatar ba, dole ne kuma a ce akwai wanda za a koma wurinsa idan na farko ya gaza. Kafin 2001, lokacin da NITEL, hukumar tarho ta gwamnati, take cin karenta ba babbaka, layukan tarho a duk faɗin Najeriya ba su kai 500,000 ba. A shekarar aka yi gwanjon lasisin wayar salula, kamfanoni suka shigo suna zawarcin masu saye, har ta kai a yau wanda layinsa ya dame shi zai iya sayen wani a unguwar PZ cikin ɗan lokaci. Daga 2013 aka sayar da kamfanonin da aka fitar daga PHCN, tsohon kamfanin wutar lantarki na gwamnati, ciki har da 11 na rarraba wuta, da fatan a ga irin wannan sauyi, amma ba a gani ba. Dalilai suna da yawa, daga ƙarancin jari zuwa bashin da ba a biya, amma babba daga ciki shi ne waya ɗaya ce take shiga kowace unguwa. Kamfanin da ke ba Zariya wuta shi ne yake kula da jihohin Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi, kuma mazaunin Gyallesu ba shi da wani kamfanin da zai koma. A watan Janairun 2024 hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki ta rushe kwamitin gudanarwar kamfanin saboda tarin bashi, wanda ya nuna cewa ko an sayar da kamfani, idan abin ya cije, gwamnati ce dai za ta dawo ta ɗauki nauyin.

Ruwan sha shi ne ya fi damuna a wannan batu, domin duk ɗan Zariya ya san shekarun da famfo ya yi a bushe, ya kuma san cewa talaka mai sayen jarka a wurin 'yan garuwa ya fi mai rijiyar burtsatse a gida biyan kuɗi a kan kowace lita. An gina madatsar Galma da matatar da aka tsara ta tace lita miliyan 150 a kullum, kuma 'yan kwangila ne suka yi ginin, wanda hakan daidai ne, don gwamnati ba ta da dalilin ajiye manyan injinan gini na aikin da ake yi sau ɗaya a shekaru masu yawa. Ana iya ba da shimfiɗa bututu, gyaran injina da kawo alam da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Amma ƙayyade farashi, da zaɓen unguwar da bututu zai isa, a ganina bai kamata su bar hannun hukuma ba, saboda kamfani zai fara ne da inda ake biya, ya bar lungunan cikin birni a ƙarshe. Tanzaniya ta miƙa ruwan Darussalam ga wani kamfani a 2003, ta soke yarjejeniyar a 2005. Birnin Paris na Faransa ma ya karɓe ruwansa daga hannun kamfanoni a 2010.

Akwai kuma ayyukan da ikon hukuma ne a cikinsu: kamawa, tsarewa, shari'a da tilasta biyan haraji. Ingila ta fara miƙa sa ido a kan wani rukuni na masu laifi da aka saki ga kamfanoni a 2014, ta dawo da aikin hannunta a 2021 bayan rahotanni sun nuna gazawa. A nan gida kuwa, duk wanda ya ga yadda ɗan kamasho yake tare mai tallar tumatir a bakin kasuwa ya san abin da yake faruwa idan aka haɗa ikon karɓa da rabon riba a hannun mutum ɗaya. Kamfani zai iya samar da na'ura da manhajar biyan haraji, amma tarar mutum ko rufe masa shago aikin jami'in da za a iya kai ƙararsa ne.

Ko a ayyukan da muka ce suna da sauƙi, akwai abin da lissafin ofis yake ɓoyewa. Tun sauye-sauyen da gwamnatin Obasanjo ta fara a 2003, ma'aikatun tarayya suka koma ɗaukar masu shara da masu gadi ta hannun kamfanoni. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu tana goge ɗakunan marasa lafiya a wani asibiti. Tana fita bayan sallar asuba da bokiti da tsumma, ta taɓa yin wata huɗu ba albashi, kuma da ta je ofis aka ce mata ita ba ma'aikaciyarsu ba ce, kamfani kuma ya ce ba a biya shi ba. Asibitin ya rage kashe kuɗi a takarda, amma daga tukunyarta ragin ya fito, kuma mai goge ɗakin tiyata da yunwa a cikinta tsabtar marasa lafiya ce take hannunta.

Dokoki suna nan. Akwai dokar sayayya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007, Jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2016, kuma dukansu suna neman a tallata aiki a fili a yi takara. Abin da doka ba za ta iya samarwa ba shi ne injiniya da akanta da lauyan gwamnati da suka san aikin, waɗanda za su je wurin su auna da kansu. Ma'aikatar da ta sallami ƙwararrunta ta koma kamar manomin da bai san gonarsa ba, duk abin da 'yan jinga suka faɗa masa shi zai biya. Saboda haka kafin a sa hannu a kan kwangilar shara ko gadi, ya kamata takardar ta fayyace ranar da gwamnati za ta riƙa biyan kamfani, ta wajabta wa kamfanin nuna shaidar banki cewa albashin watan jiya ya shiga asusun kowane ma'aikaci kafin a sakar masa kuɗin wannan watan, sannan a kafa allo a wurin aikin mai ɗauke da sunan kamfani, adadin kuɗin, wa'adin aikin da lambar wayar jami'in da ke sa ido.