Wace feda mai koyon gitar bas zai fara saye?

Assalamu alaikum mutanen Maradi, ina gajiya, ina gida? Daga Liyon nake magana, nan ƙasar Faransa. Dare ya yi, maƙwabta sun kwanta, shi ya sa kuka ji na rage murya. Wani ƙanena na unguwar Zariya ya aiko mini da saƙon murya shekaranjiya. Wata takwas ke nan yana koyon gitar bas, har an fara tafiya da shi wasan biki, ya tara 'yan kuɗinsa, yana so in gaya masa fedar da zai saya, wato ɗan akwatin da ake haɗawa da wayar gita, a taka shi da ƙafa don sarrafa sauti. Ƙanena, tambayarka ta mutane da yawa ce, don haka na shimfiɗa kayana a ƙasa, mu duba su tare.

Bari in kaɗa tsirkiyar sama, mai kaurin nan, ba tare da na danne ta ba. Kun ji? Wannan sautin yana girgiza sau 41 a cikin daƙiƙa ɗaya. Tsirkiya mafi kauri ta gitar da kuka saba gani tana girgiza sau 82, ninki biyu ke nan. Idan bas ɗinka mai tsirkiya biyar ce, ta biyar ɗin tana sauka har wajen 31. Sauti ne da ƙirji ke ji kafin kunne, shi ne ke ɗaga mata daga kan tabarma su shiga fili. Tun da Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951 aikin wannan gita bai sake ba, ita ce ke riƙe ƙasan kiɗa tare da mai ganga. Duk fedar da za ka saya, abin da za ka fara tambaya shi ne ko za ta bar maka wannan nauyin ko za ta cinye shi.

Ni ta cinye mini. Shekarata ta farko a nan na sayi fedar da ke sa sauti ya yi kaushi, irin ta masu gita, don na ji daɗinta a ɗaki ni kaɗai. Ranar da muka haɗu gwaji da sauran makaɗa, ina taka ta sai mai ganga ya ɗago kai yana nemana. Ina kaɗawa, amma babu ni a cikin kiɗan. Abin ya dame ni kwana da kwanaki, sai daga baya wani dattijo mai gyaran ampili, wato akwatin da ke ƙara wa gita ƙarfin sauti, ya fahimtar da ni cewa da yawa daga fedojin gita da gangan aka ƙera su su zubar da sautin ƙasa kafin su kausasa sauran, don kada gita ta yi caɓi. Ga mai gita gyara ne. Ga mai bas kuwa an kwashe masa jarinsa.

To me za ka fara saye? Ga ta nan, 'yar ƙaramar nan, ma'aunin tsirkiya. Ba ta ƙara wa sauti komai, aikinta ta nuna maka ko tsirkiya ta zauna daidai. Akwai Boss TU-3, akwai PolyTune ta TC Electronic, akwai Pitchblack ta Korg, duk wadda ka samu ta isa. Na san zuciyar matashi ba ta son kashe kuɗi a kan abin da ba ya ƙara, amma ka tuna zafin watan Afrilu a Maradi. Ka ɗaure tsirkiya a inuwa, ka goya gita a kabu-kabu cikin rana, kafin ka isa gidan biki ta sake. Kunnen mai koyo kuma bai riga ya iya bambance sautin ƙasa da kyau ba. Wani amfaninta, idan ka taka ta sauti yana yankewa, sai ka gyara tsirkiyarka shiru, ko ka cire waya ba tare da baful, wato lasifika, ya yi tsawar da ke firgita yara ba.

Ta biyu ita ce nake so mu daɗe a kanta, don ita ce ta dace da yadda muke wasa a gida. Mu nawa ne a Maradi ke da ampili na bas na kansu? Yawanci zuwa kake a miƙo maka doguwar waya a ce ka shiga mikisa kai tsaye, wato na'urar da ke haɗa sautin duk makaɗa. Sautin da ke fita daga gitar bas ba shi da ƙarfin yin doguwar tafiya a irin wannan wayar. Yana rasa haskensa a hanya, yana kwaso gunjin wuta, balle idan gurup, wato janareta, aka tayar. Wannan akwatin, da ake kira DI, yana karɓar sautinka ya mayar da shi irin wanda ke bin wayar makirfo mai haƙori uku, wadda ke tafiya nesa ba ta kwaso datti ba. Wanda ke hannuna SansAmp Bass Driver ne na kamfanin Tech 21. Bayan wancan aikin yana ba sauti ɗumin ampili, kuma yana da wurin murɗa sautin ƙasa da na sama, wato kai ne ke riƙe da muryarka, ba sai ka yi ta ɗaga wa mai mikisa hannu ba. Yana ci da batir, yana ci da caja, har yana iya shan wutar bolt 48 da mikisa ke turowa ta wayar makirfo. Idan kuɗinka bai kai ba akwai BDI21 na Behringer, jikinsa roba ne, yana bin tsari iri ɗaya a kan farashi mai sauƙi. Shi ka lallaɓa shi, kada ka take shi da ƙarfi.

Ku lura da wannan abin murɗawa. Shi ke gauraya sautinka na asali da wanda feda ta sarrafa. Ranar da ka girma har kake son kaushi, ka nemi feda mai wannan gaurayawar, irin ODB-3 ta Boss ko kayan Darkglass na ƙasar Finlan. Nauyinka yana nan a ƙasa, kaushin yana hawa a kansa.

Kwamfuresa fa? Za ka ji ana cewa dole ne ga mai bas. Aikinta ta danne sautin da ya yi ƙarfi, har mai rauni ya kusa kamo shi. Tana da amfani, ina da ita. Amma a wata takwas na koyo ban so ka saye ta ba tukuna, ƙanena. Idan yatsa ɗaya ya fi ɗan'uwansa bugu, gara ka ji hakan da kunnenka ka gyara hannun. Mai kalangu ba na'ura ke daidaita masa bugu ba, shekaru ne. Mai ƙara sauti a ƙasan naka, kamar OC-2 da Boss ta fitar a 1982, da masu sa bas ta yi kamar tana magana, duk kayan ƙawa ne, za su jira.

Akwai wata hanya ga wanda bai san abin da yake so ba: akwati ɗaya mai sautuka da yawa a ciki, kamar B1 Four ta Zoom. Tana da ma'aunin tsirkiya, tana da kiɗan ganga da za ka riƙa bi kana koyon lokaci, kuma batir huɗu ƙanana ke tayar da ita, ko wayar USB. A garin da wuta ke ɗaukewa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da nake tsoro game da ita ɗaya ne, yaro ya kwana yana latsa maɓallai bai kaɗa komai ba. Idan ka saye ta, ka zaɓi sauti biyu ka zauna a kansu wata uku.

Yanzu maganar wuta, don Allah ku saurara. Yawancin fedojin nan bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin cajar shi ne korau, wato mai alamar ragi (-), akasin cajojin kayan gida da yawa da za ka tarar a babbar kasuwa. Baki zai shiga daidai, amma yana iya ƙona maka feda nan take. Ka duba ɗan zanen da ke jikin cajar da na jikin fedar, su zama iri ɗaya. Idan da batir kake aiki, ka cire wayar shiga bayan wasa, don muddin tana ciki batir na ci ko fedar a kashe take. Lokacin hunturu kuma ka samu jaka mai zif ko ka naɗe kayan a zane. Ƙura ce ke shiga wurin murɗawa har ka ji yana ƙarar-ƙarar.

Kuɗi. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ba ya hawa ba ya sauka, don haka abin yuro 100 ya haura jika 65 kafin kuɗin aike. Kada ka ji kunyar sayen na hannu. Fedojin ƙarfe suna shekaru suna aiki. Sai dai ka tafi da gitarka da wayarka ka gwada a gaban mai sayarwa, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza bakin waya ka ji ko sauti na yankewa. Ka ware jika kaɗan ka sayi waya mai kyau guda biyu, rabin gunjin da ake ɗora wa feda laifin waya ne.

Ga yadda na jera nawa: gita ta shiga ma'aunin tsirkiya, daga nan ta shiga DI, daga DI sai mikisa. Da waɗannan biyun na yi wasan bikin wasu 'yan Nijar a nan watan jiya. Bari in sa abin kunne in kaɗa muku zagaye ɗaya ba feda, sannan in taka DI ɗin in sake kaɗa shi. Idan a wayar hannu kuke kallo ku ma ku sa abin kunne, lasifikar waya ba ta fitar da wannan tsirkiyar ta sama. Ƙanena, ka gaishe mini da Inna, kuma ka aiko mini da sunan mikisar da kuke shiga in duba ko tana turo bolt 48.