Gajiyar Legas Daban, Motsa Jiki Daban

Assalamu alaikum, 'yan uwa mazauna Ikko.

Ƙarfe shida saura ke nan na safe a Agege. An idar da sallar asuba, ga mutane nan sun yi cirko-cirko a bakin titi suna jiran danfo. Ku dubi wannan bawan Allah mai jaka a kafaɗa. Shagonsa yana can Idumota. Zai shafe awa biyu a cikin mota, gwiwarsa tokare da kujerar gaba, ya isa shago ya zauna har la'asar sakaliya, sannan ya sake faɗawa gosulo a hanyar dawowa. Kafin ya kai gida ya gaji liƙis. Ka ce masa ya riƙa motsa jiki, sai ya harare ka: "Haba malam, wane motsa jiki ne ya wuce wanda Legas take ba ni kullum?"

To, a nan gizo ke saƙar. Abin da ya gajiyar da shi hayaniya ce, da zafi, da hayaƙin mota, da ƙarancin barci. Tsokar jikinsa kuwa wuni ta yi tana hutu. Manyan tsokokin cinya da na ƙafa su ne murhun da ke ƙona sukarin da ke yawo a cikin jini. Idan murhun bai kama ba, sai jiki ya mayar da rarar sukarin ta zama kitse ya tara, galibi a ciki. Wannan teɓar da ake yi wa kirari da alamar kuɗi sun zauna, sau da yawa ita ce ke share wa ciwon suga da hawan jini hanya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar, da kuma kwana biyu na abin da zai ƙarfafa tsoka. Ba gudu ake nufi ba. Tafiya ce da sassarfa, irin wadda za ka iya amsa gaisuwa amma ba za ka iya jan dogon karatu ba saboda numfashi. Kuma ba dole sai a lokaci ɗaya ba. Sauka daga mota tun kafin tasharka ka ƙarasa da ƙafa. Gadar tsallaka titi ta Oshodi ko ta Ikeja, wadda wasu ke gudu su gwammace su yi kasada da rai a tsakanin motoci, hau ta, matakalarta magani ce. In da hali ranar Asabar da safe ka leƙa babban filin wasa na Surulere, za ka tarar da dattijai masu furfura suna zagaye, kunyarka ta ragu. Hajiya, ke ma da ke ake: ki samu maƙwabciya ku riƙa taka unguwa bayan la'asar, ko tsallen igiya a tsakar gida.

Amma fa a yi adalci. Ɗan dakon da ke sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12, da mai ruwan da ke tura kura ɗauke da jarka goma, kowace lita 25, ba da su nake ba. Su abin da ya rage musu shi ne abinci mai riƙe ciki, ruwan sha, barci, da kuma lura da gadon baya: in za a ɗaga kaya a durƙusa da gwiwa, kada a sunkuya da ƙugu.

Yanzu mu je teburin mai shayi, don nan ne asirin yawancinmu yake tonuwa. Ƙarfe goma na dare. Ku lura da hannunsa. Cokali ɗaya na suga, biyu, uku, ga na huɗu ya tafi, mai kofin ma bai ce uffan ba. An zuba madara, an yanko burodin Agege mai laushi, ana kuma soya Indomie biyu da ƙwai a gefe. Daga nan sai katifa. Ƙa'idar hukumar lafiyar ita ce kada sugan da mutum ke ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a wuni, kusan ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Robar lemo mai rabin lita ita kaɗai tana ɗauke da kusan giram 50 ɗin nan. Ke nan wanda ya kora abincin rana da ita ya riga ya cinye rabonsa tun kafin ya zauna a bencin mai shayi. Ni dai ban ce a ƙaurace wa shayi ba, ai wurin hira ne da jin labarin gida. Ka ce masa cokali ɗaya kawai. Makon farko za ka ji lami, daga baya harshe ya saba.

Gishiri kuma bai kamata ya kai giram 5 a wuni ba, wato bai cika ƙaramin cokali ba. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, sai a jefa huɗu a tukunya a sake bin su da gishiri. Daddawa, citta, tafarnuwa da albasa suna ba miya ɗanɗano ba tare da wannan nauyin ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, tumatir, karas, kabeji da kankana da Legas ke ci, mu ne muke kawo su daga Arewa a tirela, mu sauke, mu kasa, mu sayar, sannan mu koma mu cika kwano da farar shinkafa da mai. Giram 400 na ganye da 'ya'yan itace ake so a wuni. Zogale, alayyafo, ugu, duk wanda ya samu, a ba shi rabin faranti. Wake ma bai bar talaka a baya ba, ko ƙosai ne, ko alale, ko ewa agoyin ta maƙwabtanmu Yarbawa, sai dai a ce wa mai sayarwa ta rage manja.

Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Samo zare, ka auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka ninke zaren gida biyu ya koma rabin tsawonka, ka zagaya shi a cikinka ɗan sama da cibiya, ba tare da ka shanye numfashi ba. In bakin zaren bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Gobe ka biya kemis ko asibitin unguwa a auna maka hawan jini, domin shi ba ya sallama kafin ya shigo. In ana ta samun 140 bisa 90 ko sama da haka, ko kana jin ciwon ƙirji in ka hau bene, fara ganin likita kafin ka fara sassarfar.