Muhammad Ali, wanda ya ce ma gwamnatin Amurka a'a amma ya kasa ce ma fage a'a

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Mutanen cikin garin Tawa, da na Konni da Madawa da Illela da Keita da Buza, da 'yan bidarmu da ke kama mu ta portabul daga Abidjan ko Kamaru ko Libiya, ina gaishe ku da kyau. Sharhinmu na yau kan dambe ne, damben Turawa na safar hannu, bokis kenan.

Abin da ya kawo maganar, shekaranjiya da dare na biya ta wata fada a unguwarmu na tarad da samari sun yi cincirindo kan portabul guda, shayi na ta tafasa ba mai kula shi, suna kallon damben Muhammad Ali da George Foreman na Kinshasa suna gardamar wai da shi da Tyson wa zai kashe wani. Sai wani ƙarami cikinsu ya juyo ya ce mini, baba, to mi ya same shi da ya tsufa jikinshi na ta rawa, ba ya ko iya magana? Wallahi tambayar yaron nan ta kwana mini a rai, shi ya sa na zo da ita nan.

An haife shi ranar 17 ga Janairu 1942 a Louisville cikin jihar Kentucky, sunanshi na yanka Cassius Clay, babanshi mai zanen alluna ne na talla, uwarshi kuma aikatau take yi a gidajen Turawa, zamanin da baƙar fata ba ya shiga gidan abincin da farar fata ke shiga. Shina shekara 12 anka sace mishi keke, ya tafi wurin wani ɗan sanda mai suna Joe Martin shina kuka shina cewa sai ya jibgi ɓarawon, ɗan sandan kuwa dama yana koyar da yara dambe, ya ce mishi to fara koyon naushin tukuna. Shekara 6 bayan nan, 1960, ga shi a Roma ya ci zinare a wasannin Olamfik shina shekara 18. Mu nan Nijar mun san darajar wannan lamba, don marigayi Issaka Dabore da dambe ya kawo mana tagulla daga Munich a 1972, ita ce lambar Olamfik ta farko da ƙasar nan ta taɓa samu, kuma sai da munka jira har 2016 kafin Alfaga ya kawo ta biyu.

Yaron nan baki gare shi. Mu a fagenmu makaɗi ke wasa ɗan dambe da kalangu sannan shi ya ɗaga hannu ya yi kirari, shi kuwa Ali shi ne makaɗin kanshi shi ne maroƙin kanshi, ya faɗi turmin da zai kashe mutum kuma sau da yawa hakan ta faru. Kirarin da anka fi sanin shi da shi, shawagi kamar malam-buɗe-littafi, harbi kamar zuma. Kuma ba ƙarya ya yi ba, ƙato ne na ajin masu nauyi amma ƙafarshi kamar ta ɗan rawa, hannuwa a sake ƙasa, ka kawo naushi ya ja kai baya kaɗan ka daki iska. Ranar 25 ga Fabrairu 1964 a Miami anka sa shi da Sonny Liston, mai kambun duniya wanda kowa ke tsoro, masu caca sun ba Liston bakwai shi ɗaya. Bayan turmi shida Liston ya zauna bisa kujera ya ƙi tashi. Yaro ɗan shekara 22 ya zama sarkin damben duniya.

Kwana kaɗan bayan haka ya shaida ma duniya shi Musulmi ne, ya yar da sunan Clay ya ce sunan bauta ne, Elijah Muhammad, shugaban ƙungiyar da ya shiga, ya raɗa mishi Muhammad Ali. Gaskiya a faɗe ta, ƙungiyar da ya fara shiga, Nation of Islam, aƙidarta na da abubuwan da sunka saɓa ma Musuluncin da munka sani, sai a 1975 ya koma kan Sunna tare da Warith Deen ɗan Elijah ɗin, aikin Hajji kuwa ya yi tun 1972. A wannan shekara ta 1964 ya zo Afirka, ya je Ghana ya ga Nkrumah, ya biya Najeriya, ya wuce Masar ya ga Nasser. Jaridun Amurka da yawa sunka ƙi kiran shi da sabon sunan, har abokan karawa. Ernie Terrell ya nace da Clay, Clay, a 1967 Ali ya yi turmi 15 shina jibgar shi shina tambayar shi mi ne sunana. Ni a nawa gani an yi zafin zuciya a wannan damben fiye da kima, amma duk wanda anka taɓa raina ma suna ko asali ya san inda abin ke ciwo.

To ga inda nake so ku kasa kunne. Amurka na yaƙi a Biyetnam, anka kira shi soja. Ranar 28 ga Afrilu 1967 a Houston anka kira sunanshi ya tako gaba, ya tsaya cak bai motsa ba. Ya ce addininshi bai yarda ba, kuma shi ba ya da rigima da mutanen Biyetnam, alhali a garinsu ana wulakanta baƙar fata. Ku sani fa da ya yarda da wuya a kai shi bakin daga, irinshi damben nishaɗi ake sa su yi ma sojoji kamar yadda anka yi da sarkin dambe Joe Louis a yaƙin duniya na biyu, ya ci gaba da cin kuɗɗinshi. Ya ƙi. Anka ƙwace kambu, anka hana shi lasin dambe, anka karɓe fasfo, kotu ta yanke mishi shekara 5 a gidan kaso da tarar dala dubu 10. Bai shiga kason ba don ya ɗaukaka ƙara, amma daga Maris 1967 har Oktoba 1970 bai yi damben gasa ba, shekara uku da rabi, daga yana 25 har ya kusa 29, kuma duk wanda ya san kokowa ko dambe ya san waɗannan su ne shekarun da ƙarfi ke cika ma namiji, in sunka wuce ba su dawowa. Yawo ya dinga yi jami'o'i shina lacca don ya ci da iyali. Sai 28 ga Yuni 1971 kotun ƙoli ta soke hukuncin, alƙalai takwas ba wanda ya saɓa. Ni dai wannan tsayuwar ta Houston ta fi mini duk wani kisa da ya yi a fage.

Da ya dawo ƙafar nan ta rage gudu. Joe Frazier ya kai shi ƙasa da bahagon hannu a turmi na 15 ranar 8 ga Maris 1971 a New York, karo na farko kenan da anka ci shi. Ken Norton ya karya mishi muƙamuƙi a 1973. Duka biyun ya rama, amma a nan ne ya gano wani abu game da kanshi, cewa jikinshi na iya shanye dukan da ba wanda ke iya shanyewa, kuma wannan ganowar ita ta ba shi Kinshasa, ita kuma ta cinye shi daga baya.

Kinshasa, 30 ga Oktoba 1974. Mu nan shekarar ba mu gama fita daga fari da yunwa ba, watanni shida kenan da Seyni Kountché ya karɓi mulki, ba kowa ke da tele ba, rediyo ce abokiyar hira. Mobutu, shugaban Zayar (Kwango ta yau), ya buɗe ƙasarshi, Ali da Foreman dala miliyan 5 kowannensu, anka sa damben ƙarfe huɗu na dare don 'yan Amurka su kalla da yammacinsu, kuma agogonmu ɗaya da Kinshasa, wato kafin ladan ya kira asuba a Tawa an gama komai. Foreman shekararshi 25, dambe 40 ba a taɓa cin shi ba, 37 duk kisa ne, Frazier ɗin nan da ya ci Ali, Foreman ya kai shi ƙasa sau shida cikin turmi biyu, Norton ma turmi biyu ya yi mishi. Ali shekara 32. Akwai masoyanshi da ke tsoron a fito da gawa. Mutane wajen dubu 60 na ihu da Lingala, Ali boma ye, wato Ali kashe shi, kuma mu Hausawa wannan kalmar ba ta ba mu tsoro don a dambenmu in ka kai mutum ƙasa kisa muke ce mishi. Mi Ali ya yi? Daga turmi na biyu ya jingina da igiya ya rufe fuska da hannuwa ya bar ƙaton nan na ta dukan haƙarƙari da damatsa, mutanen kusurwarshi na ta ihun ya bar igiyar nan ya ƙi, can ya leƙo ya sakar mishi biyu uku a fuska ya koma, har shina raɗa mishi a kunne wai iyakar ƙarfin naka kenan George, Foreman da bakinshi ya ba da wannan labarin. Turmi na takwas Foreman ya gaji liƙis hannu ya yi nauyi, Ali ya fito daga igiya ya jera mishi naushi ya rufe da na dama, ƙato ya yi katantanwa ya zube. Kambun da anka ƙwace da takarda ya dawo da hannu.

Da a nan ya tsaya! Ko a Manila, 1 ga Oktoba 1975, karo na uku da Frazier cikin zafi kamar na Afrilun Adar, turmi 14 suna cin naman juna har mai horar da Frazier, Eddie Futch, ya hana ɗan nashi fita na 15 don idonshi ya rufe. Ali da kanshi ya ce bai taɓa kusantar mutuwa kamar ranar ba. Mutum ya faɗi haka ai ya gama magana. Likitanshi na fage Ferdie Pacheco ya ba shi shawara ya aje, da ya ƙi ji likitan ya bar shi a 1977. Leon Spinks, yaro mai dambe bakwai kacal, ya ƙwace kambun a Fabrairu 1978, Ali ya karɓo abinshi a Satumba, sau uku kenan shina sarauta, ya ce ya aje. Sai ga kuɗɗi, kusan dala miliyan 8, ga 'yan amshin shata da ke ci a jikinshi, ga kunnen da ya saba da ihun Ali, Ali. Ranar 2 ga Oktoba 1980 a Las Vegas ya fito ma Larry Holmes, yaron da a da shi ke taya shi atisaye, shina shekara 38, harshe ya riga ya fara nauyi, ya sha maganin da ya rage mishi ƙiba ya tsotse mishi ƙarfi. Turmi goma ana dukan shi ba ya ramawa har mai horar da shi, Angelo Dundee, ya tsai da damben. Holmes da ya ci sai da ya yi hawaye. Kuma duk da haka ya ƙara ɗaya, da Trevor Berbick a Bahamas, Disamba 1981, anka ci shi. Dambe 61, ya ci 56, 37 kisa, anka ci shi 5, kuma uku daga cikin biyar ɗin nan a dambenshi huɗu na ƙarshe ne.

A 1984 anka tabbatar shina da ciwon Parkinson, ciwon ƙwaƙwalwa mai sa rawar jiki da ɗaurewar harshe. Likitoci sun yi saɓani kan ko dukan ne ya jawo shi, amma ba likitan da zai ce maka shekara 20 ana dukan kai alheri ne. Wannan ita ce amsar tambayarka ɗana, in kana saurare. Kuma abin bai yi nisa da mu ba. Nan Tawa anka fara kokowar takobi a 1975, mun san yadda filin ke ɗaukar mutum in kiɗa ya tashi, mun ga 'yan kokowa da 'yan damben da gwiwa ta gama, kafaɗa ta gama, amma makaɗi na kiran sunansu, masu kari na ɗaga takardun jika, 'yan gari na cewa kai ne namu, sai su sake ɗaura walki su sake ɗaura zare. Mu 'yan kallo muna cikin masu laifin, don mu ke ihun, kuma ranar da mutum ya kasa tashi daga tabarma ba mu ke sayen magani ba. Ina roƙon masu horarwa da shugabannin wasa, in ɗanku ya kai, ku yi abin da Eddie Futch ya yi ma Frazier ko da zai yi fushi da ku shekara goma.

Ali bai ɓuya da ciwonshi ba, wannan kam a ba shi. A 1990 ya tafi Bagadaza ya dawo da Amurkawa 15 da Saddam ke riƙe da su. A 1996 a Atlanta ya kunna wutar Olamfik hannu na karkarwa duniya na kallo, ƙasar da ta so ɗaure shi ta miƙe tana tafi. Ya rasu ranar 3 ga Yuni 2016 shina shekara 74, anka yi mishi sallar jana'iza a Louisville, dubban mutane sunka yi sahu, anka rufe shi a garin da anka sace mishi keke. Allah ya jiƙan shi, ya jiƙan Issaka Dabore, ya jiƙan namu da sunka riga mu. Samarin fadarmu kuma, in kun gama kallon Kinshasa ku nemo damben Holmes ku kalla, ko turmi biyu ne, in zuciyarku za ta iya. A tashi lafiya.