Shirin Shekarar Farko a Makarantar Hafsoshin Soja

Takardar shiga makarantar hafsoshin soja ta zo hannunka, an sa maka ranar da za ka kai kanka. Tsakanin yau da wannan rana akwai aiki, kuma mafi yawansa aikin ƙafa ne. A horon farko na soja, raunin da ya fi kai sababbin ɗalibai asibitin bariki daga ƙugu zuwa ƙasa yake: ƙwauri, gwiwa, idon sawu da tafin ƙafa. Saboda haka a nan za mu fi daɗewa.

Tsarin makarantun ya bambanta. A West Point ta Amurka, wadda aka kafa a 1802, karatun shekara 4 ne, kuma sabon ɗalibi sai ya yi kusan makonni 6 na horon farko kafin ya shiga aji. A Sandhurst ta Ingila kwas ɗin hafsoshi makonni 44 ne, kuma makonni 5 na farko su ne suka yi suna wajen tsanani. Makarantar NDA da ke Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, tana haɗa karatun digiri da horon soja. Abin da ya haɗa su duka shi ne, makonnin farko a tsaye ake yin su: gudu da asuba, fareti, tsayuwa a layi, tafiya da kaya, ga ƙarancin barci.

Ka ware makonni 12 zuwa 16 don shiri. Dalili kuwa, zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin makonni kaɗan, amma ƙashi yana buƙatar watanni. Idan aka ƙara wa ƙashi aiki, jiki yakan fara cinye tsohon ɓangarensa kafin ya gina sabo, kuma a wannan tsakanin ƙashin ya fi rauni. Wanda ya zauna a gida ba ya motsi, sai saura makonni 2 ya tashi yana gudun kilomita 10 kullum, numfashinsa zai ce masa lafiya lau, alhali ƙwaurinsa ya soma tsagewa.

A makonni 3 na farko, ka fita sau 3 a mako, minti 20 kowace fita: sassarfa minti 2, tafiya minti 1, ka riƙa maimaitawa. Daga nan ka ƙara nisa, amma kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da ka yi a makon baya. Duk mako na huɗu ka rage, jiki ya huta. Daga mako na 6, ka sa gudun sauri rana ɗaya a mako: mita 400 sau 6, da hutun minti 1 da rabi a tsakani. Abin da ake so kafin ka tafi shi ne ka iya yin kilomita 8 ba tsayawa, a saurin da za ka iya magana ba tare da haki ya yanke ka ba. Gwajin gudu a makarantu da yawa tsakanin kilomita 1.6 da 3.2 yake. Ka duba takardarka ka ga wanne ne naku, ka auna kanka da agogo duk bayan makonni 2, kuma ka nemi wuce makin da suka gindaya da tazara mai kyau, don ranar gwajin gaske a gajiye za ka yi shi.

Ka koyi bambance ciwo iri biyu a ƙwauri. Akwai wanda yake bazuwa a tsawon ƙashin ta ciki, yakan lafa idan jiki ya ɗumama. Wannan alama ce ta cewa ka yi wa ƙafa yawa. Ka rage gudu, ka koma keke ko iyo na wasu kwanaki. Akwai kuma wanda yake wuri ɗaya tak, za ka iya ɗora kan yatsa a kansa, yana ƙaruwa idan ka yi tsalle da ƙafa ɗaya, wani lokaci har da dare yana zugi. Wannan na iya zama tsagewar ƙashi, sai a ga likita. Warkewarsa takan ɗauki makonni 6 zuwa 8 ko fiye, kuma a makaranta wannan ya isa a mayar da ɗalibi aji na baya. Ciwo a matsematsi ko cikin ƙugu da ke sa ɗingishi ya fi duka haɗari, don yana iya zama tsagewa a wuyan ƙashin cinya. Ba a ƙara taku ɗaya na gudu a kansa.

Sai tafiya da kaya. Ka fara da kilo 6 zuwa 8 a jakar goyo, kilomita 5, sau ɗaya a mako. A hankali ka kai kilo 15 da kilomita 10 zuwa 12. A gida kada ka wuce kwatan nauyin jikinka, kuma kada ka yi gudu da kayan. Tafiya mai sauri ta wadatar. Abu mai nauyi a sama ake sa shi, manne da baya, don idan ya zauna a ƙasan jaka zai riƙa janka baya, kafaɗa da ƙugu su ɗauki wahalar. A West Point horon farko da tafiyar kusan kilomita 19 ake rufe shi, to ka ga wannan ba abin da za ka fara gani ranar ba ne.

Takalmi. Idan makarantar ta yarda ka zo da naka irin wanda ta amince da shi, ka saya da wuri. Ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka riƙa amfani da ita. A bar wurin faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsun ƙafa, dunduniya kuma kada ta riƙa ɗagawa a ciki. Ka sa shi awa 1 a rana, ka ƙara a hankali har ya yi laushi ya ɗauki siffar ƙafarka. Idan su ne za su ba ka, to ka horar da fatar ƙafar da wani takalmi mai kama da shi.

Bororo abu uku ke kawo shi: zafi, danshi da gogayya. Safar auduga tana riƙe gumi, don haka ka nemi ta ulu ko wadda aka haɗa da zaren roba. Wasu sukan sa siririya a ciki, mai kauri a waje, don gogayyar ta koma tsakanin safa da safa. Da ka ji wuri ya fara zafi, ka manna filasta tun bai tashi ba. Idan ya riga ya tashi ya cika da ruwa har ya hana taku, a wanke wurin, a huda gefensa da allura mai tsafta, a matse ruwan, a bar fatar a kai don ita ce murfinsa. Ja mai yaɗuwa, mugunya ko zazzaɓi, asibiti ke nan. Farce kuma a miƙe ake yanke shi, ba a zagaye gefensa, don kada ya shige nama. Mun daɗe a kan wannan ne saboda mai bororo yakan sauya taku don kauce wa zafi, sauya takun kuma shi ke haifar da ciwon gwiwa da na ƙugu.

Ƙarfin hannu da ciki bai kai wannan wuyar samu ba. Dafa ƙasa kana sauka kana ɗagowa, tashi daga kwance, da jan jiki sama a jikin ƙarfe har haɓa ta wuce shi: sau 3 a mako. Ka yi su yadda ake ƙirga su a gwaji, baya a miƙe, sauka har ƙasa, don rabin sauka ba a ƙirga shi. Idan ko ɗaya ba ka iya ja a ƙarfe, ka taka kujera ka hau sama, ka riƙa saukowa a hankali cikin daƙiƙa 5. Iyo kuma, idan ba ka iya ba, ka nemi mai koyarwa yanzu, kada ka shiga ruwa kai kaɗai. Mita 50 zuwa 100 ba tsayawa, da tsayuwa a ruwa mai zurfi minti 2, mafari ne mai kyau.

Idan wurin da za ka je ya fi inda kake zafi, jiki na buƙatar kwanaki 10 zuwa 14 na aiki a cikin zafin kafin ya saba. Ka duba fitsarinka: ruwan ɗorawa mai haske yana nufin ruwa ya isa. Ɗura ruwa fiye da kima ba tare da cin abinci ba shi ma yana da haɗari, yana rage gishirin jini har mutum ya rikice. Fitsari mai duhu sosai, ja ko baƙi-baƙi, tare da ciwon tsoka mai tsanani bayan atisaye, alama ce ta narkewar tsoka, kuma yana iya lalata ƙoda. A faɗa nan take. Ka san rukunin jininka na sikila. Mai AS ya fi shiga wannan haɗari idan aka haɗa gudu mai tsanani da zafi da ƙishirwa, don haka likitan makaranta ya kamata ya sani.

Ka gyara haƙoranka kafin ka tafi, ka kammala allurar rigakafin da suka lissafa, mai tabarau ya tanadi biyu. Kada ka ɓoye asma, farfaɗiya ko tsohuwar karaya a takardar lafiya. Horon zai tona su, kuma a lokacin laifi biyu ne a kanka. Ke kuma ɗaliba mace, ki sa a auna miki jini, don ƙarancin sinadarin ƙarfe yana kawo gajiyar da za a ɗauka lalaci ce. Idan al'ada ta ɗauke watanni bayan kin ƙara atisaye, sau da yawa abinci ne bai kai aikin ba, kuma hakan yana raunana ƙashi. Ki ga likita.

Bayan ƙafa, abin da ya fi takura sabon ɗalibi shi ne lokaci. Da gangan ake ba ka aikin da ya fi mintunan da aka ba ka. Wata ɗaya kafin tafiya, ka riƙa matso da lokacin tashinka da minti 15 zuwa 30 duk bayan kwana biyu, har ka kai ƙarfe 5 na asuba, ka kwanta kafin 10. Ka koyi wanka cikin minti 3, aske gemu cikin minti 2, gyaran gado a miƙe ba tattara, gugar riga da wando da kari a daidai, goge takalmi har ya yi ƙyalli, da ɗinke maɓalli. Ka rubuta sunanka a kan kowane kaya, har safa, don a ɗakin da kowa kayansa iri ɗaya ne, abin da ba suna ba mai shi. Kada ka kai abin da ba ya cikin jerin da suka aiko.

Ka haddace muƙamai tun daga kofur, saje, samanja, har laftanar, kyaftin, manjo, kanar da janar, da alamar kowanne a kafaɗa ko hannu. Idan makarantar mai digiri ce, ka koma kan lissafi da kimiyya, don faɗuwa jarrabawa tana korar ɗalibi kamar yadda faɗuwa gwajin gudu take yi, kuma karatu da barcin awa 5 ba irin wanda ka saba ba ne. Ka rage riƙe waya tun yanzu. Makarantu da yawa suna karɓe ta a makonnin farko.

Za a yi maka tsawa, ko ka yi daidai ko ba ka yi ba. Ana gwada ko za ka iya jin umarni ka aiwatar da shi alhali hankalinka a tashe yake. Ka saurari abin da aka ce ka yi, ka bar sautin ya wuce. A West Point amsa huɗu ake koya wa sabon ɗalibi: e, a'a, ba ni da uzuri, da kuma ban gane ba. Dogon bayani ƙarin hukunci yake jawowa. Ƙarya kuwa ta fi komai tsada. Ƙa'idar wannan makaranta ta ce ɗalibi ba ya ƙarya, ba ya maguɗi, ba ya sata, kuma ba ya kau da kai ga mai yin su, kuma ƙaramar ƙarya don tsira daga gwale-gwalen minti 10 tana iya kaiwa ga kora. Idan ka gama naka aikin, ka juya ga na abokin ɗakinka, don a dunƙule ake duba ku, a dunƙule ake hukunta ku.

Horo mai tsanani daban, zalunci daban. Duka, cin zarafi ta hanyar lalata, karɓar kuɗi, ko hana mara lafiya ganin likita, babu wanda yake cikin horo. Ka san hanyar kai ƙara tun ranar farko: hafsan da ke kula da rukuninku, likita, ko limamin bariki.

Ka zauna da iyayenka ka gaya musu cewa shirun makonni ba alamar matsala ba ne. Ka rubuta lambobin wayarsu a takarda, ka biya bashin da ke kanka, ka wakilta wanda zai kula da harkokinka. A West Point lokacin da ake bayarwa na sallama ranar shiga bai wuce daƙiƙa 90 ba, saboda haka duk maganar da za a yi, a gama ta a gida.

A makon ƙarshe ka rage atisaye zuwa rabi, kada ka gwada sabon takalmi ko sabon motsa jiki, ka ƙara barci. Ka haɗa takardar shiga, shaidar haihuwa, sakamakon jarrabawa, katin rigakafi da hotuna, na asali da kwafi biyu-biyu, a jakar da ruwa ba ya shiga, kuma ta kasance a hannunka ba a cikin akwati ba. Idan tafiyar mai nisa ce, ka isa garin kwana ɗaya kafin ranar, ka ci abinci sosai da safe, ka tsaya a ƙofa aƙalla awa 1 kafin lokacin da aka rubuta.